MACIJIN DA BA YA ƘOSHI

Yau dai zan ɗan ajiye zancen littafi, in taɓo wani fim da ya daɗe yana ba ni dariya, wato Anaconda, wanda Luis Llosa ya ba da umarni, ya fito a 1997. A wani gidan kallo na Kankara na fara ganinsa, muna zaune kan benci, janareta na ruri a bayan zana, ranar kuwa da tsoro na je gida. Da na sake kallonsa tare da kawuna, wani tsohon maharbi daga Sabuwa, sai tsoron ya koma raha.

Labarin 'yan ɗaukar fim ne, cikinsu har da Jennifer Lopez da Ice Cube, suka shiga kogin Amazon neman wata ƙabila, suka tsinci wani mafarauci mai suna Serone (Jon Voight), ya ja su wurin wani ƙaton maciji. Tun a rubutun farko fim ɗin ya ce irin wannan maciji yana kai ƙafa 40, wato kusan mita 12, alhali waɗanda masana suka auna da gaske ba su kai ko kusa da haka ba. To wannan mun yafe, ai ko tatsuniya takan ƙara gishiri.

Abin da kawu bai yafe ba shi ne cin abinci. Ya ce da ni, "Kai yaro, mesa in ta haɗiye gada, kwanciya take yi makonni, ko jifarta ka yi da ƙyar take motsi. Wannan wane irin maciji ne da zai haɗiye ƙato, ya dawo neman ƙari kamar ɗan makarantar kwana?" Gaskiyarsa. Babban maciji yakan daɗe yana narkar da abin da ya ci, amma na fim ɗin nan da mutum a cikinsa yake tsere a ruwa, yake hawa sama kamar biri.

Sai kuma ihu. Duk wanda ya taɓa gamo da kumurci ko kasa a gonakin Faskari ya san maciji huci yake yi. Wannan kuwa kururuwa yake zabgawa, sai ka ce akuya ta ga wuƙa. Ga Serone da aka matse har ƙasusuwansa suka kakkarye, aka haɗiye shi, aka amayo shi, amma ya samu sukunin kashe wa Lopez ido ɗaya! Kawu ya riƙe baki ya ce, "Wannan ko sadaki ya biya sai haka." A ƙarshe an cinna wa macijin wuta a bututun hayaƙi, ya faɗa ruwa yana ci bal-bal, ya kuma taso, sai da gatari ya gama da shi. Akwai ma wurin da ruwan da ke zubowa daga kan dutse yake komawa sama, domin masu tacewa sun juya hoton baya. Na biyun da ya fito a 2004 ya fi ban haushi: an kai labarin tsibirin Borneo na Asiya, alhali anakonda a Kudancin Amurka kaɗai take rayuwa.

Wani zai ce ai fim ne, me ya yi zafi? Amsata ita ce, ƙarya ma tana da doka. Dubi macijin rijiyar Kusugu ta Daura. Rana ɗaya a mako yake barin a ɗebi ruwa, kuma da Bayajidda ya sare kansa bai sake tashi ba. Kakanninmu sun gindaya wa dodonsu sharaɗi, suka tsaya a kai, shi ya sa labarin ya rayu har yau.

A nan ne nake jan hankalin marubutanmu da masu finafinan Hausa. Sau nawa muka karanta aljanin da ke ratsa bango a babi na 3, a babi na 9 kuma an kulle shi a ɗaki da kwaɗo? Ko jarumin da ya kashe dakaru dubu, sannan maigadi ɗaya ya ɗaure shi domin kawai a samu littafi na biyu? Mu mutanen wannan yanki mun san tsoro na gaskiya, musamman tun daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Kankara aka shiga daji da su. Mai karatun da ya ga wannan ba za ka razana shi da dodon da ya manta ƙa'idarsa ba, dariya kawai zai yi ya rufe littafin.

Marubuci ya ƙirƙiri dodo yadda ya ga dama, ya ba shi kai bakwai in yana so, amma in ya ce bakwai, kada mu ƙirga tara a shafi na gaba. Allah Ya ba mu zaman lafiya. Sai mun haɗu a karo na gaba, wassalam.