Disney Ta Zare Hannu Daga Doctor Who: Shin Ƙarshen Tafiyar Ke Nan?

Jama'a, duk wanda ya daɗe yana bin Doctor Who ya ji labarin da ya fito a Oktoban 2025: BBC ta tabbatar Disney+ ba za ta ci gaba da zuba kuɗi a shirin ba. Wasu har sun fara zaman makoki. Ni dai na ce a dakata tukuna.

Shirin nan fa tun 23 ga Nuwamba 1963 aka fara shi. An dakatar da shi a 1989, ban da fim ɗaya a 1996 shiru kake ji, sai 2005 Russell T Davies ya dawo da shi. Sirrinsa dabara ɗaya ce: in Doctor ya zo mutuwa sai ya sauya jiki, sabon jarumi ya karɓa. Shirin da ya saba mutuwa yana tashi, janyewar kamfani ɗaya ba za ta binne shi ba.

Kuɗin Disney sun gyara hoto, babu musu. Amma zango ya koma kashi 8, alhali a 2005 kashi 13 ne. Kafin ka saba da abokiyar tafiyar Doctor, an gama! Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, baƙar fata na farko da ya ja ragamar shirin, zango biyu kacal ya yi. A ƙarshen Mayun 2025 ya rikiɗe zuwa Billie Piper, wadda ta fito a Rose. Mu tsofaffin masoya mun yi ihu, amma sabon mai kallo me ya gane?

Mu ma muna da kaso a ciki. A 2013 aka sanar an gano ɓatattun kashi 9 na shekarun 1960 a wata tashar talabijin a Jos. Sannan a 2025 Inua Ellams, haifaffen Jos, ya rubuta kashin da labarinsa ya gudana a shagon aski a Legas. Wuri ɗaya, mutane kaɗan, amma wallahi ya fi wasu masu tsada zama a rai.

BBC ta yi alkawarin kashi na musamman a Kirsimetin 2026. In aljihu ya yi sauƙi, dole a koma kan labari, kuma da labari shirin ya kai shekara 60, ba da ƙyalƙyali ba. Abin tsoron ɗaya ne: a ci gaba da lallashin tsofaffi, a manta da masu tasowa.