Nisan Asibiti Ba Hujjar Ɗaure Mara Lafiya Ba Ce

Toumboutou ɗaya ce daga cikin gundumomi 5 na ƙaramar hukumar Malanville, a jihar Alibori, can ƙarshen arewacin ƙasar Benin inda Kogin Kwara ya raba ta da Nijar. Kada mai karatu ya ɗauka Tumbutu ta ƙasar Mali ake nufi. Mutanen wannan yanki manoman shinkafa da albasa ne, da masunta, da makiyaya, da 'yan kasuwa. Ana jin Dandanci da Fulatanci da Hausa a cikinsu.

Idan taɓin hankali ya sami mutum a irin wannan wuri, danginsa sukan rasa inda za su sa kansu, gama ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa na Benin sun taru ne a manyan birane. Babban asibitin ƙasa na masu taɓin hankali, wanda ake kira Jacquot, yana Kwatano, sama da kilomita 700 daga Malanville. Asibitin koyarwa na Paraku yana da sashen wannan ciwo, amma shi ma ya fi kilomita 300. Wane direba ne zai yarda ya ɗauki mutum yana ihu yana fisge-fisge har wannan nisa? Saboda haka a ƙauyuka da yawa na Afirka ta Yamma sai a nemo mari ko turu, a ɗaure mara lafiya a bayan ɗaki ko a gindin itace, a ce babu yadda za a yi.

Shekara da shekaru nisa ne hujjar kowa. Yanzu wannan hujja ta faɗi, domin waya ta shiga ƙauye, har da mai nuna hoton wanda ake magana da shi. Duk wanda ya ci gaba da cewa asibiti ya yi nisa, ko hukuma ce, ko dangi, ko shugaban addini, sai ya nemi wata magana.

Yadda Hanyar Take

Ganin likita ta waya ba sihiri ba ne, yana kuwa da tsari. Ƙasar Ostiraliya misali ce, gama ita ma tana da ƙauyuka masu nisan gaske daga birane. Tun shekarar 2006 mutumin da damuwa ko wani ciwon ƙwaƙwalwa ya kama yakan fara zuwa wurin likitan gama-gari. Likitan zai duba shi, ya rubuta masa tsarin jiyya da takardar turawa zuwa ga ƙwararre. Da wannan takarda inshorar gwamnati mai suna Medicare takan biya wani kashi na kuɗin zama da ƙwararren, har sau 10 a shekara. A 2017 aka yarda mutanen karkara su yi wannan zama ta waya mai hoto, a 2020 kuma, lokacin annobar korona, aka buɗe wa kowa.

Abu 3 ne suka riƙe wannan tsari: ma'aikacin lafiya na kusa wanda zai fara duba mutum, takardar turawa, da rangwamen kuɗi. Waya igiya ce kawai da ta ɗaure su wuri ɗaya. Benin ba ta da arzikin Ostiraliya, amma babu ɗaya daga cikin abubuwan nan 3 da ya fi ƙarfinta.

Ga yadda ya kamata a yi a Toumboutou. Dangi su kai mara lafiya ɗakin shan magani na gunduma. Ma'aikacin jinya ya gwada jikinsa tukuna, domin zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, ko sanƙarau, ko shan ƙwaya irin su tiramadol, duk sukan sa mutum ya yi kamar ya zautu. Bayan haka, a ranar da aka keɓe cikin mako, ma'aikacin ya kira likitan ƙwaƙwalwa na Paraku ko Kwatano, likitan ya ga mara lafiya, ya ji ta bakin dangi, ya faɗi magani da yawansa. Idan ciwon ya yi tsanani har sai an kwantar da mutum, a ba shi takardar turawa ta hannun asibitin yankin Malanville da Karimama, asibitin da zai karɓe shi kuma ya san da zuwansa tun kafin ya hau mota. Idan bai kai haka ba, ya koma gida, ya riƙa dawowa kowane wata.

Wannan ba sabon tunani ba ne. A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin da ake kira mhGAP domin a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon ƙwaƙwalwa da lura da shi a inda babu ƙwararru. Tun kafin wannan, a 1954, Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana. Ɗan Afirka ne ya nuna wa duniya cewa mara lafiya ya fi samun sauƙi kusa da nasa.

Amsa Ga Masu Gardama

Wasu za su ce wannan ciwo na iska ne ko sammu, ba na asibiti ba. A nan ne ya wajaba masu bi su dubi kansu, gama laifin bai tsaya a gidan boka kaɗai ba. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa a Nijeriya ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a cibiyoyin gwamnati, da gidajen masu maganin gargajiya, da wuraren addini na Kirista da na Musulmi. A 2020 ta ce ta sami shaidar irin wannan ɗauri a ƙasashe 60. Abin kunya ne ƙwarai a ji ƙarar sarƙa a wurin da ake kiran sunan Almasihu. A cikin Markus sura 5, mutanen gari ne suka yi ta ɗaure mutumin da ke zaune a makabarta, sarƙa kuwa ba ta amfane shi da kome ba. Yesu bai ƙara masa mari ba. Ya mayar da shi cikin hankalinsa, ya kuma aike shi gida wurin danginsa. Wanda ya ɗaure mara lafiya, ya hana shi abinci da sunan azumi, ya hana shi magani da sunan bangaskiya, ba gurbin Ubangiji yake bi ba. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Fasto da ke shan maganin hawan jini kowace safiya ba shi da bakin hana wani maganin ƙwaƙwalwa.

Wasu kuma za su ce likitan da bai taɓa jikin mutum ba, yaya zai san ciwonsa? Tambayar tana da nauyi, amsarta kuwa ita ce ma'aikacin jinya. Shi ne hannun likita da idonsa. Ciwon ƙwaƙwalwa yawanci ta hira ake gane shi: yaushe ya fara, mutum yana barci ko ba ya yi, yana jin muryoyin da wasu ba su ji, ya taɓa yunƙurin kashe kansa. Amma a kiyaye da masu damfara. Duk wanda ya ce a turo masa kuɗi ta waya ya aiko da ƙwaya, ba tare da wani ma'aikacin lafiya ya ga mara lafiya ba, ɗan kasuwa ne mai neman riba da wahalar mutane.

Akwai kuma batun harshe da sirri. Likita yana iya zama mai jin Faransanci da harshen kudu kawai, mara lafiya kuwa Dandanci ko Hausa. Ana bukatar tafinta amintacce wanda ba zai kai maganar kasuwa ba, da ɗaki mai ƙofa. Matar da ta haihu damuwa ta kama ta ba za ta buɗe cikinta a gaban 'yan kallo ba.

Kuɗin Magani

Nan ne gizo ke saƙar. Tun bayan shirin Bamako na 1987, wanda Benin tana cikin ƙasashen farko da suka aiwatar da shi, mara lafiya shi ke biyan kuɗin magani a ƙananan asibitoci. Mai zazzaɓi ya biya sau ɗaya ya warke. Mai taɓin hankali ko farfaɗiya kuwa yakan sha magani watanni ko shekaru, sau da yawa kuma ciwon ya riga ya raba shi da sana'arsa. Idan kuɗi ya ƙare aka daina magani, ciwon ya dawo, sai mutane su ce ai dama an faɗa ba na asibiti ba ne. Ta haka talauci ke ƙarfafa camfi. Mutanen Malanville kuwa sun ƙara shiga matsi tun da aka rufe gadar da ta haɗa su da Gaya a 2023, bayan juyin mulkin Nijar, kasuwa ta ja baya.

Abin takaici shi ne magungunan da ake bukata tsofaffi ne masu araha, kamar su halofiridol da amitiriftilin da fenobabital. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa idan sun sami maganin da ya dace. A 2019 gwamnatin Benin ta fara gwajin inshorar lafiya ta shirin ARCH domin mafi talauci. Ma'aunin wannan shiri shi ne ko takardar da ma'aikacin jinya na Toumboutou ya rubuta wa mai taɓin hankali za ta sa ya sami ganin ƙwararre da maganin wata-wata a kan rangwame. Takardar turawa da babu rangwame a bayanta, kamar a nuna wa mai ƙishi rijiya ne a hana shi guga.

Aikin Ikkilisiya

Kada kowa ya ce sai gwamnati ta motsa. Grégoire Ahongbonon ɗan Benin ne, wanda a dā mai facin taya ne a garin Bouaké na ƙasar Kwaddibuwa, ba likita ba. A farkon shekarun 1990 ya soma kwance masu taɓin hankali daga sarƙa yana nema musu magani. Ƙungiyarsa ta Saint Camille tana da cibiyoyi a Benin, a Avrankou da Bohicon da Djougou, da yawa daga ma'aikatanta kuwa mutane ne da su ma dā marasa lafiya ne suka sami sauƙi. Idan mai facin taya ya iya wannan, ikkilisiya mai dattawa da zumuntar mata da ƙungiyar matasa ba ta da uzuri.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin ƙaramar ikkilisiyar ƙauye ba. A ware wani abu daga baiko domin kuɗin magani da kuɗin mota na wanda aka tura Paraku. A sami mutum 2, namiji da mace, masu riƙe sirri, waɗanda za su raka mara lafiya ɗakin shan magani su kuma tuna masa ranar komawa. A ba da aron waya da cajin hasken rana idan ma'aikacin jinya ya rasa. A yi wannan ga kowa, Kirista ko Musulmi, gama ciwo ba ya tambayar addini. Fastoci su faɗa daga kan bagade cewa taɓin hankali ciwo ne mai magani, ba la'ana ba. Dattawa kuma su haɗa kai da limamai da masu gari su je wurin hukumomin lafiya na Malanville da buƙata ɗaya bayyananniya: ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa ta waya kowane mako, ma'aikaci mai horo, da magani a kan rangwame.

Likita yana nan Paraku da Kwatano, waya tana aljihu, maganin kuma ba mai tsada ba ne. Duk gidan da har yanzu akwai mutum a turu, mabuɗin marinsa yana hannun waɗanda suke da lafiya, su ne kuwa za su ba da lissafi a kansa.