Amurka Da Masu Sa Ido A Zaɓe: Mai Dokar Barci Ya Ɓige Da Gyangyaɗi

A watan Oktoban 2012, ana saura mako biyu zaɓen shugaban ƙasar Amurka, Antoni-Janar na jihar Texas a lokacin, Greg Abbott, ya aike wa ƙungiyar tsaro da haɗin kan Turai, OSCE, wasiƙa mai zafi. Ya gaya musu ƙarara cewa duk jami'insu na sa ido da ya kusanci ƙofar rumfar zaɓe da ƙasa da ƙafa 100, to ya kuka da kansa, don yana iya gurfana gaban kuliya. Su kuwa bayin Allah nan gayyato su aka yi. Gwamnatin Amurka ce da kanta ta kira su, bisa yarjejeniyar Copenhagen ta 1990 wadda ta rattaba wa hannu, inda ƙasashen ƙungiyar suka yi alkawarin buɗe wa juna ƙofa ranar zaɓe. Shekara biyu da wannan barazana, aka zaɓi Abbott gwamna.

A ce wani kwamishinan shari'a a Kano ko Ribas ne ya rubuta irin wannan takarda, ai da tuni ofishin jakadancin Amurka ya fitar da sanarwa, an soke bizarsa har da ta iyalinsa. Mun gani a Fabrairun 2019, da Gwamna Nasir El-Rufai ya yi katoɓarar cewa baƙin da suka tsoma baki a zaɓen Najeriya a jakar gawa za a mayar da su. Maganar ta yi muni, kuma Allah wadan da aka yi mata ya dace. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, masu yi mana wa'azin nan a gidansu an ma rubuta korar baƙon mai sa ido cikin doka. Rahotannin OSCE kan zaɓukan 2020 da 2024 sun nuna sama da jihohi 15 na Amurka dokarsu ta hana ko ta taƙaita shigar masu sa ido na ƙasashen waje.

Tushen matsalar shi ne Amurka ba ta da hukumar zaɓe guda irin INEC. Tsarin mulkinta ya bar wa jihohi ragamar shirya zaɓe, jihohin kuma suka rarraba aikin ga dubban ƙananan hukumomi. Don haka kowace jiha da tata ƙa'idar kan wanda zai shiga, da inda zai tsaya, da abin da zai iya cewa. A West Virginia ba a barin wakilan jam'iyya su zauna gadi a cikin rumfa. A Pennsylvania sai wanda ya yi rajistar zaɓe a gundumar ne zai zama wakili. A Michigan akwai wakilan da doka ta ba su ikon ƙalubalantar cancantar mai ƙuri'a nan take. Shugaban ƙasa ɗaya ake zaɓe, amma idon da ke kallon akwati ya danganta da inda Allah ya jefa ka.

An ga illar wannan ruɗani a Nuwamban 2020. A babban zauren taro na Filadelfiya da ke Pennsylvania, inda ake ƙirga ƙuri'u, an ajiye wakilan jam'iyyu bayan wani shingen ƙarfe da ya kai ƙugu, teburin farko na nesa da su da kamar ƙafa 15, sauran teburan kuwa sai hange. Lauyoyin Donald Trump suka garzaya kotu. Wata alƙaliya ta ce a matso da su zuwa ƙafa 6. Ranar 17 ga Nuwamba, Kotun Ƙolin jihar ta soke wannan hukunci da rinjayen alƙalai 5 kan 2, ta ce dokar jihar cewa kawai ta yi wakili ya kasance a cikin ɗakin, ba ta faɗi tazara ba. Majalisar da ta rubuta doka ba ta iya faɗin inda mutum zai tsaya ba, sai da aka kai ruwa rana ana gardamar ƙafa nawa ne.

A Detroit abin ya fi haka ƙazanta. Ranar 4 ga Nuwamba, zauren TCF yana da teburan ƙirga 134, kowace jam'iyya kuma tana da damar wakili ɗaya a kowane tebur. Da wakilan suka wuce adadi, jami'ai suka rufe ƙofa. Waɗanda aka bari a waje suka rinƙa dukan gilashin tagogi suna ihun a dakatar da ƙirga, ma'aikata kuma suka ɗauko kwalaye suka toshe tagogin don gudun a ɗauki hotonsu. Hoton kwalayen nan ya zagaya duniya a matsayin shaidar maguɗi, alhali a cikin zauren akwai ɗaruruwan wakilan jam'iyyun biyu suna kallo. Kotuna sun yi watsi da ƙararrakin, amma zargin ya riga ya zauna daram a zukatan miliyoyin mutane.

Mai hankali zai ɗauka bayan wannan abin kunya za a zauna a fito da ƙa'ida ɗaya bayyananniya, a kuma ƙara yawan shaidun da ba su da ɗan takara. Ina! Texas ta ɗauki hanyar da ta saba. A Satumban 2021 Gwamna Abbott ya sa hannu kan dokar SB 1, wadda ta ba wakilan jam'iyya damar zirga-zirga a cikin rumfa, ta kuma tanadi hukuncin da zai iya kaiwa ɗaurin shekara guda ga malamin zaɓen da ya ƙi karɓar wakili ko ya nesanta shi yadda ba zai ga aiki ba. Malamin zaɓen nan galibi dattijuwa ce ko ɗan fansho da ya fito tun asuba don ladan da bai taka kara ya karya ba. Shi ne aka ɗora wa wuƙa a wuya, ɗan barandan jam'iyya kuma aka ba shi fili.

Ba su da uzurin rashin sani, domin tarihinsu ya gaya musu abin da wakilin jam'iyya ke zama idan aka sake masa mara. A zaɓen gwamnan New Jersey na 1981, jam'iyyar Republican ta tura 'yan sandan da ba sa bakin aiki, ɗaure da ƙyalle a damtse, wasunsu da bindiga, suka tsaya a rumfunan unguwannin baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da sunan tsaron ƙuri'a. Wannan ya jawo wa uwar jam'iyyar takunkumin kotu a 1982, wanda bai ƙare ba sai ƙarshen 2017. Shekara biyar da cire shi, a 2022, aka ga mutane da fuska a rufe, sanye da rigar sulke, riƙe da bindiga, suna gadin akwatin jefa ƙuri'a a garin Mesa na Arizona, har sai da alƙalin tarayya ya hana 'yan wata ƙungiyar masu gadin akwati kusantarsa da makami ƙasa da ƙafa 250. A nan gida sunan wannan aiki bangar siyasa.

Ita kanta gwamnatin tarayyarsu an karya mata fiffike. Dokar 'yancin zaɓe ta 1965 ce ta ba ta ikon tura jami'an sa ido cikin rumfuna a jihohin da suka yi ƙaurin suna wajen hana baƙar fata ƙuri'a. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2013 a shari'ar gundumar Shelby ya rushe ma'aunin da ake zaɓen waɗannan wurare da shi, tun daga nan sai da umarnin kotu ko yardar masu gida. A 2024 Ma'aikatar Shari'a ta ce za ta tura jami'ai wurare 86 a jihohi 27, sai Texas da Missouri suka maka ta kotu. Texas ta samu abin da take so, jami'an suka amince su tsaya a waje.

Za a ce ai tsarin tarayya ke nan, kowace jiha da 'yancinta. To, wane 'yanci ne yake buɗe ƙofa ga mai neman ɗan takararsa ya ci ko ta halin ƙaƙa, ya rufe ta ga wanda ya zo da biro da takarda kawai? Wakilin jam'iyya yana da amfani, amma shaidarsa ta mai ƙara ce. Wanda jama'a za su gaskata shi ne wanda ba ya cin riba ko asara da sakamakon. Cibiyar Carter ta sa ido a zaɓuka sama da 100 a ƙasashe kusan 40, tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da kansa ya zo Najeriya a 1999 ya ƙi sa wa zaɓen shugaban ƙasa albarka, amma sai a 2020 cibiyar ta fara sa ido a babban zaɓen Amurka, lokacin sake ƙirga ƙuri'un jihar Jojiya da hannu.

Kada ɓarayin akwatinmu su yi murna da wannan rubutu. A takarda tsarinmu ya fi nasu tsafta: INEC ce kaɗai ke tantance masu sa ido a duk faɗin ƙasa, ta ba sama da mutum 140,000 izini a 2023, kuma wakilin jam'iyya na da haƙƙin sa hannu a fom EC8A ya tafi da kwafinsa. Tamu cutar ita ce 'yan daba da sauya alƙaluma a cibiyar tattara sakamako cikin dare. Tawagar ƙungiyoyin Amurka NDI da IRI da Joyce Banda ta jagoranta ta ce zaɓen 2023 ya gaza abin da 'yan Najeriya suka sa rai, kuma gaskiya ta faɗa. Su ci gaba da zuwa, muna maraba.

Amma daga yau, duk tawagar da ta sauka Abuja daga Washington, 'yan jaridarmu su tambaye ta a gaban kyamara jihohi nawa ne a ƙasarta za su bar ɗan Najeriya ya shiga ɗakin ƙirga. Tarayyar Afirka da ECOWAS su nemi izinin tura tawaga kowane zaɓen Amurka, su wallafa sunan duk jihar da ta ƙi. Majalisar dokokin Amurka kuma tana da ikon kafa ƙa'ida ɗaya a zaɓukan 'yan majalisar tarayya, tsarin mulkin ya ba ta. Idan ta ƙi amfani da shi, to ta rage mana tsawon huɗuba.