Jinjina Ga Masu Tsaron Unguwanninmu, Amma Da Sauran Rina A Kaba

Yabon gwani ya zama dole. A Gusau da Tsafe da Bungudu akwai gwanaye masu yawa waɗanda ba a jin sunansu a rediyo, ba a kuma liƙa hotunansu a shataletale. Akwai mai unguwar da ake buga wa ƙofa tsakar dare bai taɓa cewa a dawo da safe ba. Akwai limamin da ke tsayar da jama'a bayan sallar isha'i don a tattauna lamarin layi. Akwai matasan da ke kwana a bakin unguwa da tocila da gora, da askarawan da ke shiga daji ba su da tabbacin dawowa, da matan da suka raba ɗaki da tukunya da 'yan gudun hijira, da masu sana'ar da suka ɗauki marayu suka damƙa musu abin yi. Waɗannan bayin Allah sun cancanci a miƙe tsaye a jinjina musu, kuma a yi hakan a bainar jama'a.

Ba za a san nauyin abin da suka ɗauka ba sai an tuna halin da ƙasar ta shiga. Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'Yan Sanda, M. D. Abubakar, ya ƙirga mata 4,983 da suka rasa mazajensu, da yara 25,050 da suka zama marayu, da mutum 190,340 da suka bar gidajensu tsakanin 2011 da 2019. Bayan wannan lissafi ma wutar ba ta mutu ba. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako a faɗin jihar. A Afrilun 2023 aka kwashe mata da yara da dama a Wanzamai lokacin da suka fita neman itace. Duk wanda ke bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya san yadda mota ke yin tsit idan an doshi Wanzamai da Kucheri da Magazu. A cikin wannan yanayi ne mutane suka ƙi naɗe hannu, suka ƙi barin garuruwansu su zama kufai.

Jinjina ta farko ta masu tsaro ce. Tun kafin hukuma ta ba kowa kaki, unguwanni sun riga sun tsara nasu gadin. Gida-gida ake karo-karo a ƙarshen wata, a sayi tocila da usur, a ba masu sintiri na shayi. Mai gidan haya ba ya ba baƙo makulli sai mai unguwa ya san da zamansa. Wannan tsari ba shi da ofis ko kasafin kuɗi, amma yana da abin da jami'in da aka turo daga nesa ba shi da shi, wato sanin gida. Ɗan unguwa ya san babur ɗin da ba na layin ba ne, ya san wanda ya fara sayen burodi da man fetur fiye da bukatar gidansa, ya san burtalin da ke ɓullewa bayan gari.

Wannan sanin gida ne gwamnatin Gwamna Dauda Lawal ta ɗora a kansa lokacin da ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara su 2,645 a Gusau ranar 31 ga Janairun 2024, watanni kaɗan bayan Katsina ta kafa tata rundunar a Oktoban 2023. An zaɓo su daga cikin al'ummominsu, aka horar da su, aka mayar da su su yi aiki tare da sojoji da 'yan sanda. Sun biya farashi mai tsada. A Oktoban 2024 aka yi wa wasunsu kwanton ɓauna a yankin Tsafe, tara suka riga mu gidan gaskiya. Kowannensu ɗan wani ne, mijin wata ne, uban wasu ne. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙurin rashi. Mutumin da ya ba da ransa don maƙwabcinsa ya noma gonarsa ya gama yi wa garinsu komai.

Jinjina ta biyu ta masu kula da tsarin unguwa ce. Gusau gari ne da ya saba karɓar baƙi. Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa shi a zamanin jihadin Shehu Usmanu, sannan zuwan jirgin ƙasa a ƙarshen shekarun 1920 ya mayar da shi cibiyar cinikin gyaɗa da auduga, har Sabon Gari da Tudun Wada suka cika da mutanen ƙasashe daban-daban. Da ya zama babban birnin jiha a 1996 sai ya ƙara buɗewa, yau kuma rashin tsaro ya turo dubban mutanen karkara cikinsa. Da yawa daga cikin waɗannan ba sansani suka sauka ba. 'Yan'uwa da maƙwabta ne suka buɗe musu zaure da shago da kangon da ba a gama gini ba. Haka abin yake a garin Tsafe, wanda ya rungumi mutanen ƙauyukan da ke kewaye da shi, haka a Bungudu da Kwatarkwashi. Karamci irin wannan ba a saye shi da kuɗi.

Aikin gayya ma bai mutu ba. Kafin saukar damina za ka ga matasa da shebur da baro suna yashe magudanan ruwa, dattawa na cike ramukan layi da marmara, ana haɗa kuɗin gyaran taransifoma ko famfon tuƙa-tuƙa. Gwamnati a nata ɓangaren ta soma aikin sabunta birnin Gusau a 2023, inda aka gyara titunan da suka tashi daga shataletalen Bello Bara'u zuwa tsohuwar kasuwa da gidan gwamnati, da wanda ya bi ta fadar Sarkin Katsinan Gusau zuwa Tankin Ruwa. Wanda ya san waɗannan hanyoyi a da ya san an yi aiki, kuma adalci ne a faɗa. Haka nan a yaba wa masu shaguna da gidajen da aikin ya taɓa, waɗanda suka haƙura don amfanin kowa.

Jinjina ta uku ta masu riƙon matasa ce. Mafi girman makarantar koyon sana'a a waɗannan garuruwa ba ta da allo a ƙofa. Tana garejin bakanike, da shagon tela, da rumfar mai walda, da teburin mai gyaran waya, da tsakar gidan matar da ke koya wa 'yan mata ɗinki da saƙa da haɗa turare. Maigidan sana'a yakan ɗauki yaron da ba ɗansa ba, ya ciyar da shi, ya tsawata masa, ranar da ya ƙware ya sallame shi da kayan aiki. Malaman islamiyya da na boko suna nan suna koyarwa a wuraren da zuwa aji kansa jarumta ne. Ita ma gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwamban 2023, ta biya bashin hukumomin jarrabawar WAEC da NECO wanda ya daɗe yana riƙe sakamakon ɗaliban jihar. Ga iyalin da ɗansu ya gama sakandare ya zauna shekaru babu takardar sakamako, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To, sai dai yabo na gaskiya ba ya ƙarewa a tafi. Da sauran rina a kaba, kuma waɗanda aka yaba su ne suka fi cancanta a gaya wa gaskiya, domin su ne suka nuna za su iya.

Aiki na farko shi ne adalci. Zamfara ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan mai gadi ya zama alƙali kuma mai zartar da hukunci. Kowa ya san yadda kashe-kashen da wasu 'yan sa-kai suka yi wa Fulani a kasuwanni da rugage ba tare da shari'a ba suka ƙara rura wutar ramuwar gayya, har ta ci wanda ya ji da wanda bai gani ba. Askarawa sun zo ne don a rufe wancan babi. Shi ya sa kisan wani babban malami a garin Mada a Maris 2024, wanda aka zargi wasu daga cikinsu da shi, ya girgiza jama'a. Duk wanda aka kama a miƙa shi ga 'yan sanda, a kai shi kotu. Duk askarin da ya wuce gona da iri a hukunta shi a fili, domin hakan ne zai kare mutuncin sauran. A samar da wurin da talaka zai kai ƙorafi ba tare da fargaba ba. Kuma kwamitin tsaron da babu arɗo ko Bafulatani a cikinsa rabin kwamiti ne, domin makiyayi na gari shi ma an kore masa shanu, shi ma ya biya kuɗin fansa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin aikin ɗan sanda tare da al'umma. A farfaɗo da su a kowace gunduma, su riƙa zama a kan lokaci, kada su tsaya a takarda.

Aiki na biyu shi ne haƙƙin masu gadin kansu. Alawus ɗin da ba ya zuwa a kan lokaci ƙofa ce ga shaiɗan. Wanda ya ji rauni a daji bai kamata iyalinsa su yi bara a asibiti ba, marayun wanda ya rasu kuma su zama amanar jiha har su gama karatu. Sadarwa tsakanin askarawa da 'yan banga da rundunar sojoji ta Fansan Yamma tana bukatar gyara na gaske. Abin da ya faru a Tungar Kara a Janairun 2025, inda jirgin yaƙi ya faɗa wa masu kare gari bisa kuskure, ya isa darasi. Sannan a kare sirrin mai kawo rahoto. Muddin mutum na tsoron maganar da ya faɗa a ofis da rana za ta isa daji kafin magariba, to zai ja bakinsa ya yi shiru, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Aiki na uku shi ne a tsara unguwa kafin ta cika. A gefen Gusau ana yanka filaye ana sayarwa babu hanyar mota, babu magudanar ruwa, ba a bar filin makaranta ko asibiti ko maƙabarta ba. Lungun da motar kashe gobara ba za ta shiga ba, motar jami'an tsaro ma ba za ta shiga ba. Harin 22 ga Satumban 2023 a Sabon Gida ta ƙaramar hukumar Bungudu, inda aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen hayarsu, ya nuna cewa inda aka gina gida da yadda aka kewaye shi maganar tsaro ce. Hukumar tsara birane ta jiha da ƙananan hukumomi su zauna da masu unguwanni da dillalan filaye tun kafin a dasa harsashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A kira taron unguwa kafin a zana titi, a ji ta bakin 'yan kasuwa da 'yan acaɓa da masu bukata ta musamman. A ji ta bakin mata, domin su suka fi kowa sanin inda ruwa ke kwanciya da layin da yarinya ba ta iya bi bayan magariba. Gyaran da ya isa tsakiyar birni kuma ya isa Damba da Tsunami da Mareri, ya isa Tsafe da Bungudu.

Aiki na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne matasa. Marayun da aka ƙirga a 2019 da yawansu yanzu samari ne da 'yan mata. Masaƙar Gusau da ta ɗauki iyaye da kakanni aiki ta daɗe a rufe, gonakin da ke nesa da gari kuma ba sa nomuwa. Saurayin da ba ya makaranta, ba ya gona, ba ya shago, akwai masu jiransa: dillalin ƙwaya, da ɗan siyasar da ke neman 'yan bangar zaɓe, da ɗan bindigar da ke neman mai kai masa rahoto. Horon 'yan kwanaki da rabon keken ɗinki a gaban kyamara ba zai tare wannan ba. A tallafa wa iyayen gidan sana'a da ke koyarwa tun asali, a bi yaro da jari da kasuwa bayan ya ƙware, a bibiyi inda ya kwana bayan shekara. Hukumar Zakka da Waƙafi da attajiran jihar, na gida da na waje, su ɗauki nauyin karatun marayu a tsare. 'Ya'yan makiyaya su sami makaranta da asibiti kamar kowa. Wanda ya faɗa shaye-shaye a nema masa magani, kada a bar shi da tsangwama kaɗai. Ƙasar da ta haifi 'Yandoto, garin da malamai suka yi ta nufa daga nesa tun kafin jihadi, bai dace ta bar 'ya'yanta babu ilimi ba.

Waɗannan ayyuka huɗu a haɗe suke. Fitilar da aka kafa a lungu, da saurayin da ya sami sana'a, da ƙorafin da aka saurara a kan lokaci, duk tsaro ne, kuma sun fi harsashi araha. Mutanen Gusau da Tsafe da Bungudu sun riga sun nuna cewa za su iya haɗa kai a lokacin tsanani. Abin da ya rage shi ne hukuma ta ɗauke su abokan shawara tun daga farko, su kuma su riƙe gaskiya ko da a kan nasu ne.

Ga iyayen ƙasa, Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bungudu da Sarkin Kwatarkwashi, Allah Ya ja zamaninku. Ku ci gaba da tara hakimai da dagatai da masu unguwanni a kan wannan magana, ku buɗe zauren ga kowace ƙabila. Ga masu sintiri da askarawa, sannunku da ƙoƙari, ku tsare hannuwanku daga haƙƙin wani. Ga wanda yake kwana lafiya saboda wani ya hana idonsa barci, ya biya nasa karo-karon, ya halarci taron unguwa, ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa abin da ya iya. Allah Ya saka wa masu wannan hidima da alheri, Ya mayar da kowa gonarsa da garinsa lafiya, Ya zaunar da Zamfara da Nijeriya baki ɗaya.