Makirfo ko fadamar rake

A Matamaye akwai samarin da suka iso mararraba: ko su ci gaba da waƙar rap, ko su ajiye makirfo su kama sana'ar iyaye. Shekaru suna tafiya, iyayen budurwa kuma ba su karɓar baiti a matsayin sadaki.

Rap ya shigo Nijar cikin shekarun 1990, ya bunƙasa a Yamai wajen 2000, sa'ad da ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Wass-Wong suka mamaye gidajen rediyo masu zaman kansu, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. A wancan zamani akwai kaset na sayarwa. Yau waƙa tana tsallakawa daga salula zuwa salula, mai ita bai ga ko dala ba. Manyan dandamali da hedkwatar BNDA, hukumar kare haƙƙin mawaƙa, suna Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram. Kano ta fi kusa, sai dai kasuwarta ta fi son waƙar fim da ta biki. Saura kuɗin kamfe, wanda ya ciyar da mawaƙa da dama. To, an rushe jam'iyyun siyasa a watan Maris na 2025.

Mahaifi mai fadama, wanda samari ke yi wa kallon maƙiyin fasaha, sau da yawa ya fi su iya lissafi. Bai ce a ƙona littafin baitoci ba. So yake a iske yaro a gona lokacin saran rake, motoci suna jiran lodi. Kuɗin situdiyo sai bayan an sallami ƴan ƙwadago.