Waiwaye: Lokacin da Talaka Ke da Jam'iyyar Kansa

Duk wanda ya haura shekara sittin a Dukku, ko Rijau, ko cikin garin Kontagora, ya san abin da ake nufi da lokacin haraji. Kaka na yi, tun ba a gama ɗaure dawa ba, mai unguwa ya fara zagaye. Magidanci yakan naɗe takardar harajinsa ya cusa cikin hula, domin in dogari ya tare shi ranar kasuwa babu ita, sai a shanya shi a rana gaban jama'a har 'yan'uwa su haɗo kuɗi. An sayar da akuyar uwargida saboda haraji, an sayar da gyaɗar iri. Fulani kuwa, da sun ji masu jangali na tafe, sai su kora rabin garke daji tun da asuba. Mun gani da idonmu, amma jikokinmu ko sunan ba su sani ba.

Abin da muka manta shi ne wanda ya fara sauke wa talaka wannan kaya.

Ranar 8 ga Agusta, 1950, samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin, daga baya Malam Aminu Kano ya zama jagora. Su wa suka cika ta? Teloli, mahauta, 'yan koli, almajirai da ƙananan manoma. Da sisi da kwabo suke haɗa kuɗin taro da na motar zuwa ƙauye. An yi musu bulala a kotunan alƙali, an ɗaure su, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku ta fito ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A zaɓen tarayya na 1959 kujera takwas kacal suka samu, jam'iyyar NPC ta kwashe 134. Duk da haka sun koya wa talakan Arewa ya ɗaga kai ya ce a'a ga aikin tilas da zaluncin 'yan doka.

Yau kuwa, wa ke biyan kuɗin jam'iyya a mazaɓarmu? Ofishin ma ba a buɗe shi sai zaɓe ya ƙarato.

Irin da NEPU ta shuka sai a 1979 aka girbe shi. PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano mai alamar mabuɗi, ta ci jihohi biyu, Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna, kuma suna hawa suka soke haraji da jangali. Mu nan Neja NPN muka zaɓa, Alhaji Awwal Ibrahim ne gwamna, amma labarin ya iso mu ta rediyon Kaduna, ya zama zancen kowace majalisa. Da manyan jam'iyyu suka ga inda zuciyar jama'a ta karkata, sannu a hankali sauran jihohin Arewa suka bi sahu. Haka aka yi da hutun ranar ma'aikata: Rimi ya ba da shi a Kano a 1980, gwamnatin tarayya ta biyo baya a 1981. A nan nake so mu tsaya mu yi tunani. Babbar jam'iyya takan yi wa talaka aiki ne idan ta tabbata yana da wani gidan da zai koma in ta saɓa masa.

Ba a bar abin ya ɗore ba. Majalisar Kaduna, wadda 'yan NPN suka fi rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa, sannan ta tsige shi a watan Yuni na 1981. PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, a ƙarshen shekarar soja suka karɓe mulki.

Mu dubi inda muke. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, PDP ta sa na shugaban ƙasa miliyan 40. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Wane malamin firamare, wane manomin wake a Dukku zai tunkari wannan ƙofa? Wanda ya tsaya, wani ne ya biya masa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa a zaɓen 2023 manyan 'yan takara uku duk suka yi alkawarin cire tallafin man fetur, aka kuma cire shi ranar 29 ga Mayu. Wanda ke ganin matakin zai gallaza masa bai da babbar jam'iyyar da zai fake a cikinta. Kuɗin kai buhu kasuwar Kontagora ya tashi, taki ya gagari mai ƙaramar gona. Jiharmu ce ke da Kainji da Shiroro da Zungeru, amma ƙauyukanmu nawa ne ke kwana da fitilar hannu?

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Iyayenmu su ke ba jam'iyya kuɗi, shi ya sa suke iya tsawata wa shugabanninta. Mu kuwa taliya da sabulu da turmin atamfa muke jira, kuma wanda ya karɓa bakinsa ya mutu.

'Yan'uwana manoma, direbobi, 'yan kabu-kabu, mata masu ƙuli-ƙuli, da ku samari masu waya a hannu: ƙungiyoyinku na nan, kuna da yawan da babu daliget ɗin da zai kai ku. Ku zauna tun kafin lokacin kamfe, ku rubuta buƙatunku na hanya da taki da asibiti da tsaro, ku halarci taron mazaɓa da katinku da kuɗin aljihunku. Duk ɗan takarar da ya zo, kowace jam'iyya ya fito, ku sa shi ya sa hannu a gaban jama'a kafin ku ba shi ƙuri'a.