Rediyo da Harshen Mai Ciwo

A ganina, babban kuskuren masu shirya saƙon lafiya a Arewa shi ne zaton da zarar an faɗi magana da Hausa a rediyo, to kowa ya ji. Bafulatanar da ke ruga a Adamawa, ko Babarbariyar da ke bakin Tafkin Chadi, tana iya cinikin nono ko kifi da Hausar kasuwa, amma bayanin zubar jini bayan haihuwa sai da harshen da aka goya ta da shi yake shiga zuciyarta. Nijar ta riga mu gane haka. Tun 1999 aka buɗe rediyon al'umma a Bankilare, kuma Studio Kalangou, da ya fara a 2016, yana shirye-shirye da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Buzanci da Faransanci. Mu kuwa a Najeriya sai 2015 aka soma ba ƙauyuka lasisin rediyo. Harshe kaɗai ma bai isa ba. Lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, ai da Hausa tsantsa jita-jita kan rigakafin ta yaɗu. Abin da ya ɓace shi ne yarda. Jama'a sun fi saurarar ungozomar unguwarsu, limaminsu ko arɗonsu, a ba su layi su bugo waya su yi gardama, fiye da tallar daƙiƙa talatin da ke ɓacewa ranar da kuɗin masu tallafi suka ƙare. Kuma don Allah a daina sa shirin mata masu ciki daidai lokacin ɗora sanwa.